Damin kuɗin da ke akwatin Baba

Maraɗi, daren Laraba

Abokina,

Gaisuwa mai yawa. Ya Legas, ya iyali? Wata biyar ba ka neme ni ba, sai da aka buɗe akwatin Baba, Allah ya jiƙansa, aka ga damin kuɗi sannan ka tuna da ni. Na yafe. Ƙanenka ya kawo su jiya mun baje a tabarma, kuma abin da zan gaya maka ba mai daɗi ba ne.

Takardun duk sefa ne tsohon zubi na 1992, har da ƴan jika biyu da rabi (jika ɗaya sefa dubu ke nan) da yaran yanzu ba su taɓa gani ba. BCEAO, babban bankin ƙasashenmu masu sefa, ya kashe wannan zubi a 2004, bayan fashin da aka yi wa rassansa a Kodibuwa lokacin tawaye. An ba mutane daga 15 ga Satumba zuwa ƙarshen Disamba su kai a canza musu, wa'adin kuwa ya wuce tuntuni. Kada ƙanenka ya wahalar da kansa zuwa banki. Silallan da ke gwangwani dai suna nan da ransu: dala biyar (sefa 25), dala goma, dala ashirin duk suna ci. Dala hamsin ma halas ce, ko da masu tebur suna ƙin karɓarta.

Abin da ya fi cin raina shi ne, ko da ba a kashe takardun ba, an riga an cinye su a cikin akwatin. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa. Da daddare jika ɗari tana daidai da faran Faransa 2,000, gari ya waye ta koma 1,000. Magani, taki, kayan mota, duk abin da ake shigowa da shi ya tashi, kuma a shekarar tsadar kaya a Nijar ta haura kashi 30 cikin 100. Bayan nan sai cin sannu a hankali, irin na gara. Ga lissafi mai sauƙi: ka raba 70 da yawan hauhawar shekara, abin da ya fita shi ne shekarun da kuɗi zai yi kafin ƙarfinsa ya rabu biyu. In kashi 3 ne, shekara 23 da ɗoriya. Lambar da ke jikin takarda ba ta motsa ba, tiyar geron da take saye ce ke raguwa.

Af, mutuminka mai shayin bakin tasha ya aurar da ɗiyarsa ranar Asabar, ya ce har yanzu yana binka kuɗin kofi uku. Kai da rowa, ko gudunmawa ba ka aiko ba!

Mu koma kanka. An ce kana tara naira a gida don ginin filinka. Don Allah ka daina. Sefa aƙalla tana ɗaure da yuro, sefa 655.957 kan yuro ɗaya tun 1999. Naira kuwa da aka sake ta a Yunin 2023 ta gangara sosai, hauhawar farashi a Najeriya ta wuce kashi 30 a 2024. Raba 70 da 30 ka gani: shekara biyu da ƴan watanni rabin guminka ya tafi. Ƴan canjin garin Ɗan Isa na bakin iyaka ma ba sa son naira ta kwana a hannunsu. Duk abin da ya taru ka turo a sayi siminti da ƙarfe a aza tubali. Simintin kada ya wuce wata uku a ajiye, kuma a ɗora shi kan katako, don laima na daskarar da shi. In ba ka shirya gini ba, a sayi wake da kaka, a shanya ya bushe sarai, a zuba a buhu mai ninki uku a ɗaure kowane ninki dabam, in iska ta shiga ƙwari za su gama da shi.

Takardun Baba kuma kada a wanke, kada a goge da dutsen guga, kada a liƙa musu salatif. Masu tara tsoffin kuɗi suna sayen wanda bai lanƙwashe ba, suna kuma duba harafin ƙasa, namu na Nijar H ne. Kada dai ka sa rai da yawa, yawancinsu sun sha hannu. Inna ta ce a bar mata guda ɗaya, wadda Baba ya yi lissafi da biro a bayanta.

Ruwa ya sauka sosai wajen Madarunfa, gero ya yi kyau. Yaushe za ka zo? Ka gaida uwargida da yara.

Naka har kullum.