Matsattsakun asibiti da nauyin da ke kan ma'aikatan jinya

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in ja hankalin 'yan'uwana ma'aikatan jinya game da amfani da matsattsaku a asibiti, domin mafi yawan nauyin wannan aiki yana wuyan wanda ke tsaye a bakin gadon majinyaci ne.

Idan likita ya mayar da yatsa ko kunnen da ya guntule, wani lokaci jini kan shiga ya rasa mafita, sai wurin ya kumbura ya yi baƙi-baƙi. Matsattsaku kan tsotse jinin da ya taru, kuma yawunsa yana ɗauke da sinadarin hirudin mai hana jini daskarewa. Tun shekarar 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wannan hanya.

Kafin a ɗora shi, da ruwa mai tsabta kawai ake wanke wurin, saboda ƙanshin sabulu ko sifirit yakan sa ya ƙi kamawa, sannan a kewaye da bandeji kada ya sulale zuwa wani sashe na jiki. A rubuta adadin waɗanda aka ɗora, a ƙirga su bayan sun faɗo, kuma kada a fizge shi da ƙarfi, domin idan ya ƙoshi da kansa yake saki, galibi kafin awa guda. Abin da ya fi damuna shi ne bayan ya saki: wurin cizon yakan ci gaba da tsattsafar jini na awoyi masu yawa, wanda shi ne amfanin da ake nema, amma idan ba a riƙa auna jinin majinyaci a kai a kai ba, sai a wayi gari yana buƙatar ƙarin jini ba a ankara ba. Haka kuma a cikin hanjin matsattsakun akwai ƙwayar cuta mai suna Aeromonas, shi ya sa likita ke rubuta maganin kariya tun daga farko. Wanda aka yi amfani da shi kuwa, kashe shi ake yi a cikin sifirit, ba a ɗora wa wani majinyacin.

Matsattsakun da ake nufi kiwonsa ake yi musamman cikin tsabta. Don Allah kada wani ya kamo na kududdufi ko fadama ya ɗora wa ɗan'uwansa, yana ɗaukar abin tamkar ƙahon wanzami.

Wassalam,
Ma'aikaciyar jinya, Kano