Dalilin da ya sa muka sauya haɗin man birkinmu

Zuwa ga abokan cinikinmu, makanikai da direbobi da 'yan kasuwa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Wasunku sun lura cewa man birkinmu na DOT 4 (ɗaya daga cikin azuzuwan man birki) da ya fito kwanan nan ya ɗan fi na da tsinkewa, har aka samu waɗanda suka bugo waya suna tambaya ko sirki muka yi masa. Mun ji daɗin tambayar, domin abin da ran mutum ya rataya a kansa bai kamata a karɓe shi ido rufe ba. Ba sirki ba ne. Da gangan muka sauya haɗin, kuma haƙƙinku ne ku san dalili.

Babban abokin gabar man birki shi ne zafi. Ku ɗauki mota da lodi tana saukowa daga doguwar gangara, ƙafar direba na kan birki. Faifan taya ya ɗau zafi, zafin ya ratsa ƙarfe har ya isa ga man. Muddin man yana nan a matsayin ruwa, ba ya matsuwa, duk ƙarfin da ƙafa ta sa yana isa taya. Amma da zarar ya tafasa, tururi ya shiga layin, shi kuwa tururi matsuwa yake yi. Sai direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa, motar kuma ba ta da niyyar tsayawa.

Shi ya sa ƙa'idar man birki ta Amurka, FMVSS 116, ta ce man DOT 3 sabo fil kada ya tafasa kafin digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, DOT 4 kafin 230, DOT 5.1 kafin 260. Waɗannan lambobin ne ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwalba. Mu kam ba su suka fi damun mu ba. Man da aka haɗa da sinadarin gilaikol, irin namu, yana jan danshi daga iska, ta murfin tankinsa da jikin tiyon roba, a hankali, ba tare da kowa ya gani ba. Don haka ƙa'idar ta sa a sake gwada shi bayan ya sha ruwa wajen kashi 3.7 cikin ɗari. A nan DOT 3 ke saukowa 140, DOT 4 kuma 155. Wannan lamba ta bayan shan ruwa ita ce gaskiyar man da ya kwana biyu a cikin mota, kuma a kanta muka fi zuba ƙarfinmu. Sinadarin boret esta da ke cikin DOT 4 yana kama ruwan da ya shigo ya ɗaure shi, shi ne ke hana man saurin rasa juriyarsa.

Sai batun sanyi, wanda shi ne ainihin abin da ya kawo sauyin. Ana auna kaurin man birki a digiri 40 ƙasa da sifili. A wannan sanyin an yarda DOT 4 na gama-gari ya kai 1800 a ma'aunin kauri, amma aji na 6 na ƙa'idar man birki ta ƙasa da ƙasa, ISO 4925, bai yarda ya wuce 750 ba. Motocin yanzu masu ABS (na'urar hana taya kullewa idan an taka birki) da na'urar hana mota zamewa suna da bawul masu ƙananan ƙofofi, suna buɗewa suna rufewa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Idan man ya yi kauri kamar danƙo, na'urar ta ba da umarni, amsar ta makara. Sabon haɗinmu a wannan aji na 6 yake.

Samun duka biyun ba abin wasa ba ne. Sinadarai marasa nauyi suna gudu a sanyi amma suna saurin tafasa, masu nauyi suna jure wuta amma su daskare da safiyar hunturu. Ka gyara nan, can ya ɓaci. Akwai wani haɗi da muka ɗauka mun gama da shi, ya ci gwajin zafi ya ci na sanyi. Da muka ciro robar hana yoyo ta birki da muka jiƙa a cikinsa, sai muka tarar ta kumbura ta yi laushi, yatsa na lotsa ta. Muka ajiye shi gefe muka koma farko, domin robar da ta kumbura haka ba za ta daɗe tana riƙe matsi ba. Haka kowane haɗi sai ya kwana da gutsattsarin ƙarfe da alminiyam da tagulla, mu ga ko zai ci su.

Ragowar tsohon manmu da ke hannunku yana nan da kyaunsa idan ba a buɗe shi ba, kuma yana haɗuwa da sabon. Sai dai wanda ke son cin moriyar sabon, ya zubar da na cikin motar gaba ɗaya, ya fitar da iska da kyau. Muna roƙonku da babbar murya kada ku haɗa shi da DOT 5. Sunan ya yi kama da DOT 5.1, amma shi na silikon ne, launinsa shunayya, ba ya gauraya da namu. Man inji kuwa ko kaɗan ya shiga tankin, robobin sun tashi aiki.

Za ku kuma ga mun ƙara yawan ƙananan kwalabe, masu lilliƙen baki a ƙarƙashin murfi. Mun sha shiga gareji mu ga babbar kwalba a buɗe kan benci, rabi, ta yi watanni tana shan iska, daga ita kuma ake ƙara wa motar mutane. Ku buɗe abin da za ku iya ƙararwa a ranar. Yawancin masu ƙera motoci suna ba da shawarar sauya man birki duk shekara 2, amma ku duba littafin motarku, shi ne zai faɗi ajin da ya dace da ita.

Kowace kwalba tana ɗauke da lambar rukunin da aka haɗa ta a ciki. Wanda ya ga abin da bai gane ba, ya turo mana lambar, za mu ciro samfurin da muka adana mu sake gwadawa, mu gaya masa abin da muka gani.

Naku a kullum,
Shugaban kamfani da dukan ma'aikata