Rahoton Kwamitin Gyaran Rumfarmu ta Filin Baje Koli da ke Rigachikun

Shugaba, dattawan ƙungiya, iyayenmu mata da sauran 'yan'uwa, assalamu alaikum.

Aikin da babban taro ya ɗora wa wannan kwamiti ya kammala, makullai kuma suna hannun sakatare. An ce mu gyara rumfarmu ta filin baje koli da ke kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, ta yadda yaran shago da masu gida za su iya wuni suna ciniki kwana goma a jere ba wanda ya kwanta. Kasuwar baje kolin duniya ta Kaduna, wadda ƙungiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta Kaduna, KADCCIMA, ke shiryawa, ta saba ci a wajajen Fabrairu zuwa Maris, wato wutsiyar hunturu da goshin bazara: da asuba sanyi, da hantsi ƙura, daga azahar zuwa la'asar kuma zafi. A kan wannan yanayi aka tsara komai. Tun daga farko muna sanar da ku cewa mafi yawan kuɗin ya tafi ne wuraren da mai saye ba ya gani, don haka wanda ya je neman ado a gaban rumfa ba zai samu da yawa ba.

Rumfar ƙafa 40 ce a tsawo, 30 a faɗi. Da muka duba ta, tsohon kwanon yana ƙafa 8 kacal daga ƙasa, babu sili, gara ta cinye katakon rufi ta gefen gabas, daɓen ya tsattsage, kuma babu inda mutum zai zauna ya ci abinci sai bayan kwalayen kaya.

Rufi

Wasu sun ba da shawarar a ƙara fankoki a bar kwanon yadda yake. Kwamiti bai karɓa ba. Kwanon da rana ta gasa zafinsa sauka yake kai tsaye a kan mutum, fankar da ke rataye a ƙarƙashinsa kuwa iskar da ta fi zafi take turowa ƙasa, shi ya sa rumfar take zama kamar tandar masa da ƙarfe biyun rana. Saboda haka aka yaye rufin gaba ɗaya, aka ɗaga ginshiƙai zuwa ƙafa 12 a gefe, tsakiya kuma ƙafa 16.

Maimakon katako, masu walda daga kasuwar Panteka suka haɗa ƙarfen rufi da bututu mai inci 2, aka shafe shi da jan fenti mai hana tsatsa kafin a ɗaga. Kwanon dogon alminiyam ne mai kaurin milimita 0.45, fari, don farin kwano ya fi mayar da hasken rana. Ƙarƙashinsa an shimfiɗa takardar azurfa mai tare zafi, fuskarta mai ƙyalli na kallon ƙasa babu abin da ya manne mata. In an matse fuskar mai ƙyalli da wani abu, aikinta ya ragu. A ƙololuwa an bar tsaga ta inci 6 daga wannan kai zuwa wancan, aka kifa mata hular kwano, aka rufe bakin da raga don tsuntsaye da jemagu. Iska mai zafi sama take hawa, to ta nan take ficewa. Ba a buga ƙusa ko ɗaya ba, noti mai roba aka ɗaura, domin ramin ƙusa yana faɗaɗa duk lokacin da kwano ya buɗe da rana ya tsuke da dare, daga nan yoyo ke farawa.

Bakin rufin ya leƙo ƙafa 3 ta kowane gefe. Ta yamma, inda ranar la'asar ke shigowa a karkace, an yi ƙugiyoyi na rataya asabari. A yayyafa masa ruwa bayan azahar. Iskar wannan lokaci busasshiya ce, in ta ratsa jiƙaƙƙen asabari tana shigowa da sanyi. Ta arewa maso gabas kuwa, inda iskar hunturu ke kwaso ƙura, an toshe bangon har sama sai layi biyu na bulo mai huji da aka manna wa raga mai ƙananan ido.

Daɓe

An fasa tsohon, aka cika da jar ƙasa aka daddale, aka shimfiɗa leda mai kauri, sannan aka zuba kankare mai kaurin inci 4. Kwaɓin shi ne buhun siminti ɗaya, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa. Ya ci buhu 70. An raba shi gida-gida, kowane gida ƙafa 10 a 10, da tsaga tsakaninsu, don in zai tsage ya bi layin da aka yi masa.

Gida ɗaya ya lalace aka sake shi. An zuba shi da tsakar rana cikin busasshiyar iska ba a rufe ba, kafin magariba fuskarsa ta yi tsaga-tsaga. Siminti ruwa yake sha ya yi ƙarfi, in iska ta riga shi shanye ruwan sai sama ya bushe cikin bai kama ba. Sauran an zuba su da sassafe, aka lulluɓe da jiƙaƙƙun buhunan algarara, ana ba su ruwa safe da yamma har kwana 7. Ba a goge fuskar ta yi santsi ba, tsintsiya aka ja a kai, saboda ƙura a kan daɓe mai santsi ta isa ta kayar da mai ɗauke da kwali.

Kankare ba ya tausayin ƙafa. Wanda ya tsaya a kansa awa goma zai ji a dugadugansa da ƙugunsa, shi ya sa bayan kowane teburin kaya aka shimfiɗa tabarmar roba mai kauri, aka walda sandar ƙarfe inci 6 daga ƙasa don a riƙa ɗora ƙafa ɗaya ana canzawa. Akwai kuma dogayen kujeru 8 masu tsayin inci 28. A kansu mutum zai zauna idonsa daidai da na mai saye, ba a ga kamar ya yi watsi da ciniki ba. Gajeren benci a bayan tebur shi ke sa mai gida ya hana yaro zama.

Ɓangaren baya

An yanke ƙafa 10 daga bayan rumfar da bulo mai inci 6, kimanin guda 600, aka fitar da ɗakuna huɗu: na hutun mata da na maza, kowanne ƙafa 12 a 10, sai sito da ɗakin wuta, kowanne ƙafa 8 a 10. Mun san wannan ya rage wurin baje kaya, wasu ma sun yi ƙorafi. Amma ƙafa 20 da ta rage ta ishi teburan da muke da su, kuma kwalayen da a da ake jibgewa a gaba yanzu sun koma sito.

Ƙofar ɗakin mata ta gefe take, ba ta kallon hanyar masu saye, don masu shayarwa da masu son cire hijabi su sha iska. Kowane ɗakin hutu na da tabarma, katifa ɗaya, da akwatunan ƙarfe 12 masu kwaɗo na ajiye waya, jaka da kayan sauyawa.

Ruwa da bayan gida

An yi lissafi a kan mutum 24. Na sha lita 3 zuwa 4 kowane mutum, na alwala da bayan gida kimanin lita 20, sai na shara da yayyafi. Duka dai wajen lita 700 a rana. An sa tanki biyu masu lita 2,000, cika biyu ke nan ta fitar da kasuwar. A tuna, tankin lita 2,000 in ya cika nauyinsa tan 2 ne, don haka ƙafafun gadonsa an binne su ƙafa 2 cikin kankare, aka shimfiɗa falanki a ƙarƙashinsa yadda gindinsa zai zauna gaba ɗaya. Tankin roba da ya zauna a kan sandunan ƙarfe tsirara ta wurin sandar yake fashewa. An kuma yi musu 'yar rumfa da ragowar kwano, in ba haka ba ruwan alwalar azahar sai ya ƙona hannu.

Ruwan sha randuna biyu aka girke masa a inuwa, a kan jiƙaƙƙen yashi, kowace da murfi da kan famfo a gindi don kada a riƙa tsoma moɗa. Da tsohuwar zuma ake magani. Randa ba ta neman wuta.

Bayan gida ɗaki biyu ne, na mata da na maza, ta kudu maso yamma, inda iskar wannan lokaci za ta tafi da wari nesa da rumfa. Na tsuguno ne, ana kora shi da bokiti, domin mai tankin kai yana cin ruwa da yawa kuma hannunsa ba ya jure taron jama'a. Bututunsa inci 4 ne, sai bututun shaƙar iska da ya zarce rufi aka ɗaure masa raga a baka saboda ƙuda. Wurin alwala famfo 4 ne da dakalin zama, ruwansa na bin 'yar kwata zuwa ramin tsakuwa, ba ya taruwa a bakin ƙofa.

Wuta

Ga abin da rumfa za ta ja: fanka 6 a wat 75, ƙwan fitila 14 a wat 10, cajin wayoyi da na'urorin POS kimanin wat 200, ƙaramin firji wat 150. Jimla wat 940. An ɗora faifan sola 6 masu wat 550 suna kallon kudu da ɗan karkace, inbata mai 3.5kVA, da batir na litiyam mai 5kWh, wanda zai riƙe wannan kaya daga magariba zuwa wajen ƙarfe goman dare. Wayar soket milimita 2.5 ce, ta fitila 1.5, duk cikin bututu, an kuma kafa sandar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa.

Abu biyu za su kashe wannan wuta. Na farko ƙura: a goge faifan da jiƙaƙƙen tsumma kowace safiya kafin rana ta yi zafi. Na biyu butar lantarki da dutsen guga. Butar kaɗai tana iya jan wat 2,000, fiye da ninki biyu na duk rumfar. Mai son shayi ya zo da filas ɗinsa daga gida. Kuma kada a tara kwali a ɗakin wuta, inbata na buƙatar iska. Tukunyar kashe gobara mai hoda, kilo 6, tana rataye a bakin ƙofarsa ta waje.

Abin da gini ba zai yi muku ba

Ɗakin hutu ba shi da amfani in ba a raba aiki ba. Kwamiti na ba da shawarar kowane tebur ya zama da mutum biyu, bayan awa biyu ɗaya ya shiga baya minti goma sha biyar. A zo da takalmi marar tudu wanda ƙafa ta saba da shi, kada a ce ranar buɗe kasuwa za a fara sa sabo. Tufafin auduga, da rigar sanyi ta safe da za a cire da hantsi. Takunkumi da man leɓe saboda ƙura. A akwatin taimakon farko an sa filasta, bandeji, farasitamol da ƙunshin ORS. In ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya fara jiri a kai shi inuwa nan take, in kuma ya rikice ko ya suma, asibiti za a nufa da shi.

Azumi na matsowa da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara, yanzu yana zagayowa kusa da lokacin kasuwar. Shekarar da suka haɗu, a mayar da sauke kaya da jera su bayan asuba ko bayan isha'i.

Kuɗi da abin da ya rage

Rufi ne ya fi cin kuɗi, sai wuta, sai daɓe. Rasitai duka suna wurin ma'aji, duk mai son dubawa ƙofa a buɗe take. Ragowar bulo da buhu 3 na siminti suna sito. A yi amfani da simintin da wuri, in ya daɗe a ajiye daskarewa yake.

Abu biyu ba a yi ba. Indararo da magudanar ruwan sama, waɗanda ya kamata a gama kafin watan Mayu, in ba haka ba ruwan rufin zai zaizaye gindin bangon arewa. Sai gangaren shiga na masu keken guragu da masu baro, mai faɗin ƙafa 4. Ranar da kasuwa ta tashi kuma, a zubar da ruwan tankuna, a kwance batir da inbata a kai su gidan ma'aji, a naɗe asabari da tabarmin roba a ɗora su kan benci don gara, sannan a sa mutum ɗaya ya riƙa leƙa rumfar sau ɗaya a wata har damina ta wuce.

Wassalam.

Kwamitin Gyaran Rumfa, Kaduna