Tarihin Musulunci da ke Tsibirin Sisili na Italiya

Ya Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwanmu na zangunan Kumasi waɗanda ke zuwa Italiya ganin 'ya'yansu, amma su dawo ba su san komai ba sai ɗakin da aka sauke su da kasuwar da suka sayi tsaraba.

A bara na je wajen ɗana a birnin Palermo da ke tsibirin Sisili, kuma a can na fahimci cewa Musulmi sun karɓi birnin a shekarar 831, suka mulke shi fiye da shekara 200. A fadar sarakunan Kirista da suka gaje su akwai wata ƙaramar coci da aka ƙawata rufinta da sassaƙen katako irin na ƙasashen Musulmi, har da rubutun Larabci, abin da ya sa na daɗe tsaye ina kallon sama har wuyana ya gaji. A wannan birni ne kuma Al-Idrisi, wani Musulmi masanin labarin ƙasa, ya kammala taswirar duniya a 1154, wadda ta ambaci tsohuwar daular Gana.

A Roma na leƙa babban masallacin da aka buɗe a 1995, na kuma shiga cocin Saint Peter da ke Batikan, inda ba a barin mai gajeren wando ya wuce ƙofa. Babbar rigata ba ta sha tambaya ba.

Naka,
Wani mai karatu daga Aboabo, Kumasi.