Rahoton shekara na ƙungiyarmu ta kafintoci a Jos

Assalamu alaikum iyayenmu masu shaguna da sauran 'yan uwa, ga bayanin abinda muka yi bana.

Abinda ya fi cin lokacinmu shine maganar yara masu koyon aiki. Kowa ya sani yanzu yaro ba zai wuni a shago yana goge katako da sanfefa, ƙura har cikin hanci, magariba ta yi a sallame shi hannu rabbana ba, kafin ka ankara ya koma tuƙa keke ko ya bi abokai haƙar kuza. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota kaɗai daga Bukuru zuwa kasuwar Katako ya isa ya kori yaro. Shi yasa muka tsaida cewa duk mai ɗaukar yaro ta hannun ƙungiya sai an yi takarda, uba ko waliyyi ya sa hannu, a rubuta shekarun koyo da kuɗin abincin kullum da kason yaro in an fita aikin rufi ko silin. Wasu manyanmu sun yi ƙorafi wai su a zamaninsu ko sisi ba a basu ba har wankin oga sun yi, to gaskiya ne Baba, amma lokacin nawa ake saida mudun masara?

Mun zaga shaguna a Laranto da Dilimi da Nasarawa da Anguwar Rogo muna rubuta masu neman yara, yanzu iyaye sakatare suke samu kai tsaye maimakon yawon roƙo shago shago. Masu kujeru da gado sun fi neman yara, sai dai masu rufi sun fi sakin kuɗi.

Mun kuma matsa wa yaranmu su cike fom na shirin SUPA na ƙara wa masu sana'ar hannu ƙwarewa, wanda ITF, hukumar gwamnatin tarayya mai horar da ma'aikata, take gudanarwa, hedkwatarta fa nan garin take a titin Miango, abin kunya ne na nesa su riga mu. Waɗanda hannunsu ya faɗa mun ce su zauna jarabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, daga mataki na 3 ake farawa.

Adashin yaye yana tafiya, duk wanda aka yaye bana ya tafi da zarto da guduma da tef nasa na kansa.

Masu bashin kuɗin wata don Allah a kawo kafin taro mai zuwa, ma'aji ya gaji da kira.

Sakatare