Kun gayyato safiyo amma hirar aure kuka yi da ita

Assalamu alaikum Malam Edita,

Wallahi shirinku na ranar Lahadi ya ɓata min rai, na yi ta ce wa kaina bari kawai in bar shi ya wuce amma abin ya ƙi fita daga zuciyata, yau kwana uku kenan. Kun ɗauko baiwar Allah da ta ce ta fi shekara goma tana aikin safiyo, wato awon ƙasa, a daji, kun zaunar da ita kusan rabin awa, tambayar farko wai maigidanki ya yarda? Ta biyu wa ke kula da yara in kin tafi? Ta uku ba kya tsoron rana ta ɓata miki fata? Haba dan Allah. Sau ɗaya tak ta samu ta fara bayanin yadda ake kafa na'ura a kan ƙafafunta uku a daidaita ta kafin a ɗauki awo, ni har na ƙara murya na kira ƙanwata ta zo ta ji, sai mai gabatarwa ya katse ta da dariya yana cewa kallabi tsakanin rawuna, shikenan aka koma zancen miji.

Ni ma aikin fili nake yi shi ya sa abin ya yi min ciwo. Ilimin duwatsu na karanta, kuma neman ruwan ƙarƙashin ƙasa nake yi kafin a haƙa burtsatse. Turakun ƙarfe huɗu muke kafawa a layi ɗaya da guduma, biyu na gefe su tura lantarki cikin ƙasa, biyu na tsakiya su auna abin da ya dawo, sai a cire na gefen a ƙara nisa a sake bugawa, duk yadda ka ƙara tazara haka kake ganin abin da ke can ƙasa sosai. Busasshen dutse mai ƙarfi ba ya barin lantarki ya wuce da sauƙi, amma inda dutsen ya ruɓe ko ya tsage ruwa ya kwanta a ciki sai ka ga lambar da ke nuna wahalar wucewar lantarkin ta sauko. Haka za ka wuni kana jan waya cikin ƙaya da ciyawa, kana rubuta lamba a littafi gumi na ɗiga a kan takardar. Ita ma baƙuwar taku tana da irin wannan labarin cike da bakinta, ba wanda ya tambaye ta.

Akwai wani aiki da ba zan manta ba. Na yi awona na nuna wuri, aka kawo injin haƙa aka tada kwamfuresa, ni kuma ina tsaye gefen ramin ina ɗiban garin da iska ke fesowa, duk sandar da ta shiga sai in ajiye ɗan tsibi a jere a ƙasa don in ga yadda launi ke canzawa. Dattijon da ke riƙe da injin ya dube ni ya ce 'yata ki koma inuwa mana, in ruwa ya zo za mu kira ki. Na ce Baba ai zuwan ruwan nake karantawa a wannan garin, in na tafi inuwa aikin me na zo. Muka wuce mita 40, muka wuce 60, sai laka mai danƙo sannan dutse busasshe, ruwan da ya fito ko alwala ba zai isa ba. Yumɓu ne ya yaudare ni, don shi ma yana saukar da lamba kamar ruwa, kuma duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya san wannan tarkon, ba wanda bai taɓa faɗa masa ba. Amma me ɗan kwangilar ya ce a gabana gaban leburori? Wai dama shi ya san aikin mace haka zai ƙare. Wata biyu kafin nan wani abokin aikina namiji ya nuna wurare biyu duk suka fito a bushe, aka ce ƙasar wurin ce ba ruwa, ba wanda ya ce aikin namiji ne. Na koma masauki na yi kuka, da safe na sake ɗaukar waya da guduma na auna wani layin can gangare inda dutsen ya tsage, nan aka samu ruwa, kuma Baban nan shi ya fara ɗaga min hannu yana cewa Injiniya sannu da aiki. Har yau ina masa addu'a.

To irin wannan ne wahalar, ba rana ba ce ba fata ba ce. In da gaske kuna son ku san abin da mace ke sha a fili ku tambaye ta takalmin aiki, da yawanmu na maza ake ba mu mu cusa safa biyu, kuma takalmin da ƙafa ke yawo a ciki haɗari ne a kusa da inji. Ku tambaye ta ina take kama ruwa a wurin da maza ashirin ke aiki ba ko zana, na san mata da ke ƙin shan ruwa tun safe saboda haka har su jawo wa kansu ciwo. Ku tambaye ta sau nawa aka cire sunanta daga tafiya wai ana tausaya mata, aka bar ta a ofis tana buga rahoton wasu, sannan lokacin ƙarin girma ya zo aka ce ba ta da gogewar fili. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi kashe mata a sana'ar, tausayin da ba a tambaye ka ko kana so ba.

Kuma ba yau aka fara ba. Marie Tharp a Amurka hana ta shiga jirgin ruwan bincike aka yi saboda mace ce, maza su je teku su kawo awon zurfi ita tana kan tebur tana zanawa, a nan ta gano a 1952 cewa akwai wani dogon kwari a tsakiyar tsaunukan da ke ƙarƙashin tekun Atlantika. Abokin aikinta Bruce Heezen da farko zancen mata ya kira shi, daga baya ya yarda, tare suka fitar da taswirar ƙasan tekunan duniya a 1977, kuma wannan kwarin na cikin hujjojin da suka tabbatar nahiyoyi na motsi. Jane Goodall, Baturiya mai binciken birai, da za ta shiga dajin Gombe na ƙasar da a yau ake kira Tanzaniya a 1960 hukumomin Turawan mulki sun ce ba za ta zauna ita kaɗai ba, sai da mahaifiyarta ta raka ta. Ranar da malaminmu ya ba mu labarin Tharp a aji bai gaya mana ko tana da aure ba, taswirar ya buɗe mana a allo, kuma taswirar ce ta sa na tsaya a wannan fannin lokacin da ƙawayena ke canza kwas.

Ƙanwar tawa da na kira tana aji biyar a sakandare kuma ta iya lissafi sosai, ta zauna ta saurara har ƙarshe, da aka gama ta ce min Yaya to wai shi safiyo me yake yi ne? Rabin awa da safiyo a gidan rediyonku yarinya ta tashi ba ta san aikin safiyo ba, abin da ta ɗauka kawai shi ne sai an yi ta fama da miji. Makon da ya wuce kun kawo likitan dabbobi namiji, ban ji an tambaye shi wa ke kai yaransa makaranta ba, cututtukan shanu kuka yi ta tambayarsa kuma na ƙaru sosai. Ku dawo da matar nan Malam Edita, ku ba ta lokacinta, ku bar ta ta gama bayanin na'urar da aka katse ta a kai.

Sannan dan Allah ku yi wa masu haɗa sauti magana, kiɗan da suke sawa a ƙarƙashin hira ya yi ƙara da yawa, mu da ke saurara a waya wajen aiki ga ƙarar inji ga kiɗa ba ma jin rabin abin da baƙo ke faɗa, kuma layin da kuke cewa a kira sau bakwai na gwada ranar, yana ta ringin ba a ɗauka ba.

Wassalam,
Wata mai sauraronku, daga bakin aiki