Ga Matasa Masu Shirin Sayen Kyamara

Malam Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin matasanmu masu shiga sana'ar hoto, domin yana damuna yadda ake ruɗarsu da yawan megafiksel, wato miliyoyin ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, wajen sayen kyamara. Megafiksel 24 ya ishi hoton biki, har wanda za a rataye a bango. Abin dubawa shi ne girman sensa, wato ɓangaren da ke kama haske a cikin kyamara. Babbar, mai milimita 36 da 24, ta fi kama haske a zauren biki da dare. Ƙaramar, wadda ake kira APS-C, ta fi araha, kuma ta ishi mai farawa.

Mai sayen kyamara ta hannu ya tambayi adadin bugun shata, wato sau nawa aka ɗauki hoto da ita, don kyamarorin masu farawa da dama an ƙera su ne su jure bugu kusan 100,000. Ya cire lens, wato gilashin gaban kyamara, ya haska fitilar waya cikin gilashin. In ya ga zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce da danshi ya haifar, tana cin gilashi, ya haƙura da shi. Sannan ya ɗauki hoton farin bango a f/16, wato da ramin shigar hasken lens a matse. Ɗigon baƙi a hoton ƙura ce a kan sensa, wannan kam ana gogewa.

Tun da kamfanonin Canon da Nikon suka fito da kyamarori marasa madubi na tsarin RF da Z a 2018, DSLR na hannu, wato masu madubi a ciki, sun yi sauƙi. Farashin tsohon samfuri kan sauka idan sabo ya fito, lokacin saye ke nan. Kada a bari sai ana gobe Sallah. A saya da saura wata guda, hannu ya saba, a kuma ware kuɗin batir na biyu da katin ajiya na asali da lens 50mm f/1.8.

Naka,
Mai karatu daga Kano